Rasuwar Mai Fitila da Waƙar da Ta Tafi da Ita

Cikin alhini da karayar zuciya, Hukumar Gudanarwa ta wannan Cibiya ta Binciken Ƙwayoyin Halitta ta samu labarin rasuwar Babbar Jami'ar Ɗakin Gwaje-gwajenmu, uwa kuma malamarmu, Dakta, wadda kowa a nan ya fi sani da Mai Fitila, bayan jinyar mako biyu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara goma sha tara marigayiya ta yi tana haɗa mana ɗigon haske, wato wani burbushi da ido ba ya gani, wanda ake maƙala wa ƙwayoyin jikin mutum don su yi walƙiya a ƙarƙashin madubin likita, har a iya bin sawun ƙwayar cutar daji guda ɗaya a cikin dubbai. Launin ɗigon ya danganta da daɗewarsa a kan wuta. Daƙiƙa kaɗan suka wuce, kore ya koma ja, aikin yini guda ya bi ruwa.

Ita kuwa ba ta taɓa yarda da agogo ba. Wata waƙa take gunguni ƙasa-ƙasa, tana kaiwa ƙarshe sai ta sauke kwalba. Mun sha tsokanarta, mun sha roƙonta ta rubuta mana, takan ce gobe ma rana ce, mu kuma muka saki jiki. Tun da ta kwanta mun gwada sau goma sha ɗaya da agogo a hannu, ko sau ɗaya ba mu dace ba. Kwalba uku suka rage a firiji da rubutun hannunta, ga samfurin jinin majinyata arba'in na jira, kuma gaskiya ba mu san abin da za mu gaya wa likitocinsu ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, 'ya'yanta huɗu da ɗaukacin dangi, tare da addu'ar Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya ba su juriyar wannan rashi, mu ma Ya ba mu.

Da nauyin baki muka tambayi babbar 'yarta ko ta san waƙar. Ta ce da wannan waƙar ce marigayiya take lallashinsu suna ƙanana, amma ba ta taɓa jin ƙarshenta ba, domin kullum barci kan riga ya ɗauke ta.

Sa hannun:
Kakakin Cibiya kuma Sakataren Hukumar Gudanarwa,
tsohon ɗalibin marigayiya