Wadda Myrto Ta Saka a Ƙasa

Juma'a, 28 ga Yuni

Makin 'yata Myrto na jarrabawar shiga jami'a ya fito. Bai yi muni ba, bai kuma kai inda take so ba. Likitancin dabbobi a Thessaloniki take nema tun tana ƙarama, bara kuwa waɗanda aka ɗauka sun ɗan fi ta maki. Ta duba wayar, ta ce, "To," ta shige ɗaki. Babanta Thanasis ya fita baranda ya kunna taba. Ni na tsaya ina wanke kofin da na riga na wanke.

Litinin, 1 ga Yuli

Yanzu saura ta jera makarantun da take so, daga sama zuwa ƙasa. Inda makinta ya isa, can za a tura ta. Na je wurin Malam Periklis mai yi mata darasin yamma. Ya ce, "Uwargida Fotini, ta sa burinta a sama, amma ta sa wadda ba za ta kuɓuce mata ba a ƙasa. Kada ta tashi a tutar babu." Na ce ya gaya mata da bakinsa. Wai ya gaya mata, dariya ta yi.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na dafa mata kifi da dankali yadda take so, sannan na kawo zancen. Na ce ga karatun akanta nan garinmu Kavala, makinta ya ishe ta har da ragowa, ta kwana a gadonta. Ta ce, "Mama, idan na rubuta ta, can zan ƙare. Ke ma kin sani, shi ya sa kike so." Thanasis ya buga tebur, wai shi ba zai sake ciyar da shekara guda ta jarrabawa ba. Ta ce ba ta roƙe shi ba. Kifin ya huce a faranti.

Talata, 9 ga Yuli

Ba ta yi mini magana yau ba, sai "ina tawul".

Lahadi, 14 ga Yuli

Bayan coci mun je gidan surukata. Na yi zaton za ta taya ni. Ina! Cewa ta yi, "Ku ƙyale mini jika. Kai Thanasis, wa ya zaɓa maka tuƙin babbar mota?" Da muka fito sai ta ja ni gefe, ta ce, "Ke kuma ki matsa mata, kada ta zauna mana a gida." To wanne zan ɗauka?

Ban san iyakata ba. In na yi shiru, na sake ta ta faɗi. In na yi magana, na zama mai danne ta. Shekara sha takwas ina sanin abin da ya dace da yarinyar nan, har girman takalminta. Yanzu ko ƙofarta sai na ƙwanƙwasa.

Laraba, 17 ga Yuli

Na roƙe ta. Ban yi faɗa ba, roƙo na yi, har da hawaye, abin kunya. Na ce ko guda ɗaya ce ta saka a ƙasa, don ni. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Shi ke nan, na ji. Zan saka ɗaya." Ta tura jerin da rana. Ban tambayi wacce ba, don na ɗauka na sani. Har gurasar cuku na kai wa maƙwabciya don murna.

Juma'a, 26 ga Yuli

Ba ta samu Thessaloniki ba.

Ta samu ta ƙasan. Ilimin teku, a Mytilene. Tsibiri. Jirgin ruwa ma ba kullum yake zuwa ba, kuma kusan yini ake yi a hanya. Na ce, "Ba akanta kika saka ba?" Ta ce, "Ɗaya kika ce, Mama. Na nemi wadda zan iya tashi da safe in je ba tare da na tsani kaina ba." Thanasis ya ce, "Ga abin da nacinki ya jawo." Da na yi shiru, da tana nan gida tana shirin sake jarrabawa, ina ganinta kullum.

Asabar, 27 ga Yuli

Na ji ta tana kuka a banɗaki, famfo a buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa da hannuna a sama. Ban ƙwanƙwasa ba.

Talata, 24 ga Satumba

Ta tafi jiya. A tashar jirgi babanta ya yi ta duba igiyar akwati don kada a ga fuskarsa.

Ɗazu ta kira, ta nuna mini ɗakuna biyu a waya. Ɗaya kusa da makaranta, mai tsabta. Ɗayan can saman tudu, bangonsa da alamar danshi, amma ana hango ruwa. Ta ce, "Mama, wanne kika gani?" Amsar tana bakina. Na ji kaina ina cewa, "Ke da kike tsaye a ciki, ya kika ji?" Ta ɗauki mai danshin.

Ba yarda na yi ba. Gajiya ce kawai, ina jin. Gobe zan aika mata da bargo mai kauri.