Duwatsun Zara Matar Wata

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Baba da mutanen Garaku? Ni lafiya lau. Ɗakina ne dai ba taga, amma mai kallon wata duniya me za ta yi da taga?

Jiya na tsaya gaban malamai uku da za su yanke ko in ci gaba da karatu, ko a tsayar da tallafina in dawo gida. Na nuna musu hotunan Zara matar wata, tauraruwar da kike nuna mana da asuba. Inna, daga nesa take da kyau. A kusa, tsandauri ce da tsaunuka masu aman wuta.

Babbansu ya nuna wani baƙin layi a jikin tsauni ya ce, "Hamdiya, wannan ai inuwa ce."

Na ce, "Farfesa, ga hoton wurin ta ɗaya gefen. Da inuwa ce da ta juya. Narkakken dutse ne ya gangaro ya daskare."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Layin bai gusa ba. Sun ƙara mini shekara biyu.

A gaya wa Kawu Ubale, mai cewa karatun dutse ƙarshensa fasa tsakuwa a hanyar Agwada, duwatsuna sai ya ɗaga kai zai gan su. A aiko mini da daddawa, a ci gaba da addu'a.

Da malaman suka faɗi hukuncinsu ban yi guɗa ba. Na tattara hotunana, na ja musu ƙofa a hankali, na tafi neman abinci, don rabona da shi tun shekaranjiya.

'Yarki,
Hamdiya