Ƙwayoyi Arba'in da Ɗaya

Gwaggona abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da na rubuto ba a aike ni ba.

Kaka ya canza. Kin san ko da ya rufe shagon gyaran agogo, kullum da safe sai ya wana agogunan ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu duk sun tsaya. Yana wuni a kujera yana kallon bango. Da, in na dawo makaranta sai ya ce, “Ga Malama mai jakar littattafai.” Wata biyu ke nan bai tsokane ni ba. Jiya ya ce da Baba shi kaya ne kawai a gidan nan. Baba ya ce rigimar tsufa ce.

Ni ke ba shi maganin hawan jininsa, ban taɓa fashi ba.

'Yarki mai biyayya.

*

'Yata,

Na ga wasiƙarki, har da aya da waƙafi, lallai kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa ba. Tsohon nan na riga ki saninsa. Ya taɓa yin sati bai yi mini magana ba a kan na taɓa masa sukurdireban gyaran agogo. Fushi yake an raba shi da shago. Ku ƙyale shi, in ya gaji zai sauko. Ki gaida babanki.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ba fushi ba ne.

Ranar Talata na buɗe babban agogon bango zan goge, sai ƙwayoyi suka zubo. Arba'in da ɗaya, na ƙirga. Ni kuma kullum in na sa masa a hannu sai in sunkuyar da kai, don ba na iya kallon babba yana cin abu. Ashe ba ya sha.

Baba ya kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ta ce ƙananan jijiyoyin jini sun daɗe suna toshewa a hankali, su suka kawo masa ciwon damuwa, ba taurin kai ba ne. Ta ce inda ya lalace ba zai dawo ba, amma magani zai iya tsare sauran, kuma damuwar ma ana maganinta. Da ta tambayi wanda ke ba shi magani, kowa ya juyo ya kalle ni.

A mota Kaka ya ce, “Kada a yi wa yarinyar nan faɗa. Na san ba za ta duba ba, shi ya sa na ce ita za ta riƙa ba ni.”

Gwaggo, da na ɗaga kai sau ɗaya fa?

'Yarki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Ke wata biyu kika sunkuyar da kai. Ni shekara uku ban zo na dube shi ba.

Ina tafe ranar Asabar. Kafin nan, ki kalli bakinsa har ya haɗiye, ko da zai zage ki. In ya zage ki, ki rubuto mini, zan yi murna.

Gwaggonki.