Kujerar Direba

Zuwa ga mahaifina, Malam Umaru Direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai halin da motarka take ciki.

"Malama, wagga mota ta gama aikinta, ki bar maƙera su yi murhu da ita." Abin da Mudi makanike yake faɗa mini ke nan ranar Talata, a rumfarka ta unguwar Gawon Nama, yana goge hannu da tsumma. Yaya Bello ya riga ya yi wa maƙeran alkawarin Juma'a, sai dai in ta gyaru kafin nan. Inna kuwa wake kawai take tsincewa.

Ciwon nata ɗaya ne. In an taka totur sai ta yi ruri lafiya lau. Da an ɗaga ƙafa an bar ta a silo, tana aiki a tsaye, sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta yi tari, ta mutu.

Ka san ni da littafi. Digirina na tarihi ne, amma na samo littafin motar, na bi shi shafi shafi kamar mai shirin jarrabawa. Na kankare fulogogi, na daidaita kwantak, na wanke kafireto da fetur har fatar yatsuna ta yi fari, na murɗa sukurun silo gaba da baya. Maƙwabta suka taru kallon mace mai digiri cikin baƙin mai. Motar ba ta ji kunyar kowa ba, ta ci gaba da tarinta.

Sai na tuna yadda kake yi. Kofin ruwa kake ɗorawa a kan ƙarfen da ke rufe tayar gaba, ka kafa bakin sukudireba a jikin inji, ka manna kunne a kan ƙotarta. Ba ka daina murɗawa sai ruwan ya kwanta. Amma kafin ka fara sai ka leƙa cikin gida ka ce, "Saratu, taho ki zamna." In hau kujerar direba, ƙafafuna ba su kai ƙasa ba, in yi ta ba ka labarin makaranta kana cewa "to, to" daga cikin banati.

Ranar da zan tafi karatu Kudu ba ka yi mini nasiha ba, ba ka kuma raka ni tasha ba. Abin da ka ce kawai, "To wa za ya zamna min?" Ka rasu shekarar da aka sami 'yancin kai, ina can ina jarrabawa, bisa umarninka ba a gaya mini ba sai da na gama. Tun daga lokacin nake ɗauke da wannan tambaya taka, ban san ko ta fushi ce ba.

Jiya na ɗaga kujerar don in duba batir da ke ƙarƙashinta. Wayarsa ta yi sako-sako, ta cinye wurin zamanta, alamar ta shekara da shekaru a haka. In an zauna, katakon kujera ya danne ta, wuta ta tafi daidai. In babu kowa, sai ta yi ta rawa, inji ya yi ta tari. Aikin minti biyu ne da sifana.

Na gaya wa Inna ina alfahari. Ta ce, "Ai ya sani. Bayan tafiyarki buhun gero yaka azawa bisa kujerar."

Baba, mutumin da yake gane mataccen fulogi da kunne tun daga ƙofar masallaci, shi ne waya ɗaya ta gagara shekara goma? Ashe ba ta gagare ka ba. Kuma na gode da aka maye gurbina da abu mai amfani.

Yau bayan azahar na koma rumfar ni kaɗai, rana tsaka, unguwa tsit. Na ɗora kofin ruwa, na tayar da ita, na zagaya gaba da sifana a hannu. Ban taɓa wayar ba tukuna. Kujerar babu kowa, babu buhu, na duba da idona. Ruwan yana ta tsalle a kofi.

Sai na ji ƙarar katako, irin wadda yake yi in ka zauna. Motar ta ɗan sunkuya ta gefen direba. Tarin ya tsaya. Ruwan ya kwanta har na ga fuskata a ciki.

An koya mini kada in yarda da abin da ba shi da hujja, kuma har yanzu ban yarda ba. Amma ban ɗaga kai na leƙa ta gilashi ba. Na tsaya a bayan banati, na ba ka labarin makaranta tun daga ranar da na sauka daga jirgin ƙasa, har fetur ya ƙare.

Na gaya wa Yaya Bello ya ba maƙera haƙuri. Ya tambaya ko ta gyaru, na ce ba ta taɓa lalacewa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa ka yafe mini kujerar da na bari. Na mayar da sifanar cikin akwatinka, wayar tana yadda ka bar ta. Na ja ƙofar rumfar a hankali na rufe, gobe zan koma wurin aikina.

Ɗiyarka,
Saratu