Kujerar da za ta kai Ummi shekara biyar

Assalamu alaikum 'yan zaure. Mai kula da zauren nan, ka cire sunana kafin ka tura wa jama'a, na san akwai 'yan unguwarmu a ciki. Don Allah shawararku nake nema, kuma da gaggawa, amma bari in fara gyara abin da kowa ya ɗauka ba daidai ba. Duk layinmu a Agege, nan Legas, cewa ake na tayar da rigima a gidan aurena a kan kujerar mota ta jarirai, wai 'yar sakandare ce mijinta ya sayi tokumbo, motar hannu, kanta ya kumbura, tana son ta yi rayuwar Turawa. Har mamana haka ta ɗauka da farko. Ba haka ba ne. Kujera ce ta tono maganar, amma ainihin maganar ita ce wa zai riƙe 'yata in an yaye ta, ni ko surukata. Daga kafen intanet nake buga wannan, lokacina yana tafiya, in kun ga kuskure ku wuce shi kawai.

Ni haihuwar Agege ce, a nan na girma, a nan na yi makaranta, Arewa sai dai in an yi biki ko rasuwa. Mijina mutumin wajen Funtuwa ne, yana harkar wake da albasa a kasuwar Oyingbo. 'Yarmu ɗaya, watanta takwas, sunan mahaifiyarsa aka sa mata shi ya sa muke ce mata Ummi. Mahaifiyar tasa, Hajiya, ta zo tun lokacin suna, aka ce ta tsaya a duba mata ido a asibiti, har yau tana wajenmu. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba muguwar mace ba ce. Ita ke yi wa Ummi wanka, ita ke goya ta in ina girki, ba ta taɓa ɗaga min murya ba.

Abin da ya sa na fara neman kujera, wata rana muna dawowa daga barka, Hajiya a gaba, ni a baya da Ummi a cinya. A Iyana Ipaja wani direban danfo, bas ɗin haya, ya ci burki a gabanmu ba sigina ba komai don ya ga fasinja, Baban Ummi shi ma ya taka nasa da ƙarfi. Wallahi riƙe nake da ita da hannu biyu, amma sai ji na yi hannuna ba komai. Goshinta ya bugi bayan kujerar gaba ta faɗa ƙasan mota. Allah ya taƙaita, ƙulu ne kawai ya fito mata, amma tun ranar in na shiga motar nan, kowace danfo na gani sai in ƙanƙame yarinya har ta yi kuka. Na ce wa babanta ni ba zan ƙara riƙe ta a cinya a titin Legas ba, ya nemo abin da ake ɗaure yara. Ya ce to, irin to ɗin maza da ba ya zuwa ko'ina.

Sai Hajiya ta ce tana son atamfa da kwanukan tsaraba, muka kai ta kasuwar Jankara. Baban Ummi ya tsaya wajen mota, ni da ita muka shiga. A wani lungu na ga mai kayan gwanjon yara, keken koyon tafiya, gadon jarirai, sai ga kujerun mota guda biyu a sama. Ɗaya ƙarama ce kamar kwando, da mariƙi, ka ɗauki jariri a ciki ka sa a mota ka cire. Ɗayar babba ce mai nauyi. Mai shagon ya sauko da babbar yana nuna min da Turancin buroka, yanzu da take ƙarama za a kafa ta tana kallon bayan mota, a kishingiɗe, in ta yi ƙwari a juyo ta tana kallon gaba, ga ramuka a jikin majinginar da ake matsar da igiyoyin kafaɗa sama in yaro ya ƙara tsawo, ga soson ciki da ake zarewa in ya yi jiki. Na ja igiyoyin ba su zare ba, na danna maƙullin ya kama ƙwas, na juya ta na duba ko robar ta tsage, lafiya lau. Ƙaramar kuwa na sa Ummi a ciki, tun yanzu ƙafarta ta kai baki.

Hajiya ba ta jin buroka, ni ce tafinta. Ina ta fassara mata da murna, har da ƙarina. Na ce Hajiya kin ga wannan sau ɗaya za a saya, tare za su girma, mutumin ya ce har ta shekara huɗu ko biyar tana ciki. Sai ta gyara mayafi, ta ce "Shekara biyar a ina?" Ni kuma ko a jikina na ce "A motar babanta mana Hajiya, a ina kuma?" Mai shago ya ga muna magana ya ɗauka ciniki ne ya faɗa, sai buga kujerar yake yana ce mata Mama. Ta ce a ɗauki ƙaramar, ta fi kyau. Na ce ƙaramar asara ce, 'yan watanni ta fi ƙarfinta. Ta ce ai zuwa lokacin yaye ya matso, sauran kwanakin a riƙe ta a hannu, can gida kuma wace mota za ta hau in ba ta ranar kasuwa ba. A nan ne na gane nufinta, da an yaye Ummi za ta tafi da ita gida. Ban sayi ko ɗaya ba, ita ma ba ta sayi atamfar ba, muka dawo Agege.

Da na tare Baban Ummi da maganar, ko mamaki bai yi ba. Wai ai abu ne sananne, 'yar fari ce, takwarar Hajiya ce, ranar da aka cire ta daga nono sai gidan kakarta, a wajensu ba a ma faɗa. Na ce to ni ba a faɗa min ba, kuma a gidanmu ba a ba da kowa ba, mamana kwana kaɗan take kai mu gidan ƙanwarta a nan Agege mu manta nono mu dawo. Ya ce gidanku gidan 'yan Ikko ne, kun zama rabin Yarabawa. Na ce na ji, Bayarabiyar ce ta haifa maka. Ya ce shi ma kakarsa ce ta riƙe shi, me ya same shi, ga shi da ƙafa biyu da hannu biyu. Da na yi shiru a nan da ya fi, amma ban yi ba. Na ce abin da ya same ka shi ne uwar da ta haife ka Yaya kake ce mata, in ta shigo falo kai ka fita, tunda ta zo ban taɓa ganin kun yi hirar da ta wuce ina kwana ba, haka kake so Ummi ta riƙa gaishe ni kamar baƙuwa? Ya ɗau hularsa ya fita. Da ya dawo hukuncin da ya yanke shi ne ba babba ba ƙarama, a bar maganar kujera gaba ɗaya, kamar danfo sun daina cin burki ke nan.

Ciki da falo muke zaune, bango kuma ba ya riƙe magana, Hajiya ta ji komai. Washegari tana yi wa Ummi wanka a tsakar gida ina wanke-wanke kusa da su, ba ta kalle ni ba, da yarinyar take magana. Tana cewa "Takwara, ashe ke 'yar Ikko ce, 'yar mota, mai kujera kamar gwamna. To ki zauna abinki. Ni nawa ranar da aka yaye shi aka zo aka ɗauka, ban ce uffan ba, nono na zuba ina daka. Na ce ba komai, in ya haifa ni ma zan ɗana." Tana faɗa tana dariya tana cuɗa mata baya, Ummi na ta buga ruwa. Har ta ce akwai 'yar akuya da ta ajiye mata a gida, ta haihu ma. Ban san lokacin da na bar kwanukan na shige banɗaki ba. Na yi kuka sosai, kuma na fito da fushina yadda na shiga da shi. Matar nan an karɓe mata ɗa tana yarinya kamata, ta yi kawaici, ta zauna shekara da shekaru tana jiran nata zagayen, yanzu ya zo sai ga ni. Na ji tausayinta har cikin raina. Amma don an yi mata sai ni ma a yi min? Ni ce na karɓe mata?

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Matar maƙwabcinmu ta tare ni a bakin famfo wai ita tunda take ba ta taɓa ganin mace tana rawar kai a kan 'yar fari gaban uwar miji ba, su ko sunan nasu ba sa faɗa. Na ce Anti ni sunanta nake faɗa har da waƙa. Mamana da na warware mata komai ta daina yi min faɗa, amma shawararta ita ce in sayi ƙaramar in rufe bakin kowa, kafin yaye da sauran lokaci, Allah zai kawo mafita. Ni wannan ne ba zan iya ba. Yanzu duk gidan an san me kowace kujera take nufi. In na shigo da ƙaramar na ce na yarda ke nan, Hajiya za ta koma gida ta gaya wa dangi takwara na nan zuwa, ranar da na ce a'a kuma na zama maƙaryaciya a kan rashin kunya. Kuma in Ummi ta fi ƙarfinta mu koma cinya, mu koma Iyana Ipaja. In na shigo da babbar ba tare da na ce komai ba, kamar na mari tsohuwa ne da kujera, kullum ta shiga mota tana ganinta. In na bi maganar mijina na bar duka, to ran Ummi na sa a caca don kada manya su ji kunya. Ko abinci ba na iya zama in ci, da na zauna sai in miƙe.

Mai shagon ya ce babbar ita kaɗai ce irinta ta fito a kayan, zai ajiye min zuwa Asabar, bayan nan duk wanda ya zo nasa ne.

To 'yan zaure ga tambayoyina. Waɗanda kakanni suka riƙe ku, ku gaya min tsakani da Allah, yaya kuke da iyayenku mata yau, kada ku yi min kara. Matan da aka karɓi naku na fari, ya wuce muku ko har yanzu yana nan? 'Yan uwa da ke ƙasashen waje kuna amfani da irin kujerun nan, ta gwanjo tana da aminci, me kuma ya kamata in ƙara dubawa kafin in ɗauka? Masu cewa in yi haƙuri kawai, na gode, an riga an ba ni wannan da yawa a gida.

Ga abin da na yanke, in da gyara ku gyara min kafin Asabar. Babbar zan saya. Amma ba za ta shiga mota ba sai na shiga wajen Hajiya ni kaɗai, ba mijina ba mamana, na durƙusa na gaya mata da bakina cewa yaye a hannunta za a yi, ni zan kai Ummi har gida in zauna ta saba, amma tare za mu dawo. In kuma riƙon takwararta take so da gaske, ta zauna da mu a nan, in bar mata ɗakin ciki mu koma falo kafin mu samu gida mai ɗaki biyu, ta goya, ta yi wanka, ta yi mata kitso, ta raka ta makaranta in lokaci ya yi. Na san abin da nake jawo wa kaina, zama da uwar miji ba ranar tafiya ba wasa ba ne, kuma Baban Ummi bai ma san na yi wannan tunanin ba. Za ta iya cewa ba za ta bar gidanta ba, za ta iya ƙin ce min komai. Ko me ta ce na fi son in ji shi yanzu, ido da ido, da a zo ranar yaye ana ɓamɓare min yarinya a tasha. Ku faɗa min kalmar da ake fara irin wannan magana da ita a gaban babba, ita ce kaɗai ban da ita. Asabar da safe ina Jankara.