A Bar Auta Ta Faɗa da Bakinta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan sai godiya. Wata huɗu ke nan da rasuwar Inna, amma har yanzu in zan zuba shayi da safe sai in ga na ɗauko har da kofinta. Allah ya jiƙanta. Yara lafiya, ƙafar Kawu ma ta yi sauƙi.

Maganar Autarmu ce ta sa na zauna rubutu, don a waya kuka yake riga ni. Sati shida ke nan da aka cire mata ƙarin nan na cikin kai. Ɗinkin ya warke, gashi ya fara tsirowa a gefen da aka aske, tana takawa daga gado zuwa bakin ƙofa tana dafa bango. Magana ce ba ta dawo ba. Ta san abin da take son faɗa, kana ganinsa a idonta, sai ya maƙale.

Yaya, ashe mu ne muke ƙara mata ciwon da tausayinmu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya zauna ya sunkuyar da kai, ba abin da ke fita bakinsa sai sannu. Goggo ba ta barin ta ɗaga ko cokali. Ni kaina da ta buɗe baki sai in ƙarasa mata, in miƙa mata abin tun ba ta nema ba. Har ta daina gwadawa. Da muka koma asibiti, likitar da ke koya mata magana ta tambaye ni me da me take faɗa a gida. Na ce ai ba ma barin ta wahala. Ta dube ni ta ce to mu ne muke rufe mata baki. Ta ce watannin nan na farko su ne masu muhimmanci, abin da bai dawo a cikinsu ba yana wuyar dawowa. Na fito na zauna a benci na yi kuka mai isata. Na rasa uwa bana, ba zan iya zama ɗaki ɗaya da ƙanwata ina kewar muryarta ba.

Bayan kwana biyu abokiyar ɗinkinta ta shago ta zo da rigar wata mata da Auta ta yanka kafin ta kwanta, ta ce bari ta ƙarasa a kan keken Auta da ke ɗaki. Ina waje ina shanya. Ta haɗa hannun rigar a karkace, Auta na kallo daga gado. Sai na jiyo murya a hankali, kamar ana jan ta da igiya: “Warware. Bai yi ba.” Ka san bakin abokiyar nan tata. Maimakon ta rungume ta, sai ta ce tunda gwanar ta tashi, ta faɗa mata wane hannun, ita ba ta gane nuni da yatsa. Sun fi minti goma a haka, Auta har da gumi, kafin ta ce na hagu. Ina tsaye bayan labule da jiƙaƙƙen zane a hannu, na kasa shiga.

Tun ranar na bi dangi gida gida. Matar shago za ta riƙa kawo ɗinkinta nan sau biyu a sati. Ƙawarta ta makaranta tana zuwa da yamma su taka zuwa ƙarshen layi. Kawu ya ɗauki kai ta asibiti a motarsa. Goggo na roƙe ta ta riƙa naɗe hannunta, ta yi fushi ta ce yanzu ni zan koya mata jinya, ta yi kwana uku ba ta leƙo ba, amma ta dawo. Mai jin kuka kuma ya tafi kicin ya yi.

Saura kai. Ranar da ka kira ka fashe mata da kuka, juya fuska ta yi bango, ba ta ci komai ba sai washegari. Ba laifinka nake gani ba. Amma kai ne wanda ba ta taɓa bar wa magana ba tun tana ƙarama. Ka riƙa kiranta ranar hutunka, ka tsokane ta yadda ka saba, ka ce ɗinkinta na buhu ne. In ka ji shiru kada ka ɗauka layi ya katse, kuma kada ka cike mata shirun. Ka jira ko da zai kai minti biyar. Na san yana da zafi, ni ma cije leɓe nake yi.

Ɗazu na gaya mata takarda nake rubuta maka, na tambaye ta saƙonta. Na zauna na riƙe bakina, ta yi ta fama, sannan ta ce: “Ƙaton kai.” Ga shi na isar yadda aka ba ni. Amsa kuma ba ta hannuna za ta biyo ba.

Ka gaida mini matarka da kyau, da babbar 'yarka da 'yan biyu. Goggo da Kawu da maigidana suna gaishe ka. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai bi maka