Miyar Kabewa a Ranar Furanni

Yaya Imogen,

Gaisuwa mai yawa daga Vermont, nan Amurka. Ya jikin Baba, ya yara? Kun gama tsinke tuffar bayan gida?

Ni lafiya lau, aikin asibiti ba laifi, kar ki damu. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai.

Ƙarshen Afrilu na yi yadda muka saba a gida Tasmania: lokacin kaka ya ƙare, bikin Samhain ya zo, ranar ciyar da magabatan da suka rasu. Na zaga kasuwa, kabewar gwangwani kawai na samu. Na yi miyar Mama, na kai taron 'yan'uwanmu masu bin wannan al'ada a nan. Ina isa na tarar da su da furanni a ka, ana rawa, ga zuma ga madara. Beltane suke yi, murnar wucewar sanyi. Na san lokutan shekara a nan a juye suke da na gida, amma hannuna ya riga hankalina.

Lorraine, tsohuwar da ke jagorantar taron, ta buɗe tukunyar ta tuntsire da dariya. "'Yar nan, wa ya mutu? Ki bari sai Samhain ɗinmu na Oktoba mana!"

Na ce, "Mamata."

Sai ta zuba miyar a faranti, ta jawo wa Mama kujera ta bar ta babu kowa.

Na gode mata. Amma Yaya, Mama ba ta san hanyar nan ba. Teburinki ta je, a shekarar farko da rasuwarta, ni kuma ba na nan. Da ma na jinkirta wannan tafiya.

Albarkar kaka ta zauna a gidanmu. Ki rubuto min abin da kika zuba mata. Kin tuna ba ta son kirfa?

Ƙanwarki,
Bronwen